Ƙafafun Motar Majo Abdu

Yanzu kusan kowane mako sai wani saurayi ya shigo rumfata da hoto a wayar salula, ya miƙo mini har bakin hanci. Mota ce a hoton, ƙafafun baya masu faɗi, na gaba sirara, ƙarfen yana walƙiya. Sai ya ce, "Baba Illa, irin wannan nake so a ɗaura wa tawa. Minti nawa zai ɗauka?" In na ce ya bar mini motar zuwa gobe, sai ya yi dariya, ya ce ai bulon huɗu ne kawai ke riƙe kowace ƙafa, a kwance a ɗaure. Wasu sukan wuce gaba wajen wanda zai gama musu cikin rabin awa. Ba na hana su. Waɗanda suka zauna kuwa, nakan gaya musu yadda na koyi aikin, don su san abin da ya sa hannuna ba ya sauri.

Ban taso cikin sana'ar nan ba. Ubana fatu yake saye a hannun makiyaya ya kai kudu, ni ma abin da na gada ke nan. Fari na farko, wanda sojoji suka karɓi mulki a ƙarshensa, shi ya raba ni da fata. Shekara guda fatar ta yi yawa har ba mai sunkuyawa ya ɗauka, shekarar da ta biyo kuma babu dabbar da za a feɗe. Ina da mata da ƴaƴa biyu ranar da na je na durƙusa gaban Baba Sanda, mutumin Damargu, mai rumfar gyaran ƙafar mota kusa da tasha. Ya dubi gemuna ya ce, "Da girmanka za ka iya ɗaukar faɗa?" Na ce zan iya. Ya nuna mini wani ƙarfe a ƙasa ya ce in ɗauka.

Kayan aikinsa duka ba su cika buhu ba. Ƙarafa biyu na ɓanɓare pine, abin da mutanen kudu ke kira taya, waɗanda wani maƙeri ya ƙera masa daga rasor na kamiyo, ƙarfen nan mai lanƙwasa da ke ɗauke nauyin babbar mota. Guduma mai guntun ƙota. Kirik na ɗaga mota, wanda sai an sa masa katako a ƙasa don kar ya nutse cikin rairayi. Kile mai baki huɗu na kwance bulon. Famfon hannu da ke cinye kafaɗar mutum kafin ƙafar kamiyo ɗaya ta cika. Da rabin tano, wato gangar ƙarfe, cike da ruwa, inda muke tsoma shambur, wato robar ciki mai riƙe iska, mu ga inda take kumfa. In za a yi faci, akwai wani tsohon fiston na inji da muke dannewa a kan robar, mu zuba ɗan isansi, wato fetur, a cikinsa mu kunna wuta har facin ya narke ya kama.

Aikina na farko ƙafar wani kamiyo ce mai shirin tafiya Dirku. Na yi facin, ya kama da kyau, amma wajen mayar da pine kan janti, ƙarfen da pine ke zama a kai, sai na cije shambur da bakin ƙarfe. Na buga iska har hannuna ya mutu, ƙafa ba ta tashi ba. Na sake buɗewa, na sake faci, na sake cijewa. Sau uku. Direban yana zagi, Baba Sanda yana shan shayinsa bai ko dube mu ba. A karo na huɗu ya taso, ya karɓi ƙarfen, ya hura wa shambur ƴar iska kaɗan kafin ya sa ta ciki, ya mayar da pine cikin lokacin da mutum zai ɗaura rawani. Ya koma wajen shayinsa. Haka yake koyarwa. Ka gani ka ɗauka, in ba ka gani ba ya wuce ka.

Ƙananan motoci sun fara yawa a Agadas ne lokacin da Nasara suka koyi ƙetaro hamada da tsofaffin motocin ƙasarsu, su sayar a nan su koma da jirgi. Ƴan kasuwa na saye, ma'aikatan gawayi na Anu Araran na saye. Da yawa daga cikin motocin suna zuwa da ƙafafun da ba nasu na asali ba, wani a can ya canza su don ado ko don rairayi. A kansu na koyi cewa ƙafa huɗu ba lallai su zama iri ɗaya ba, kuma ba kowane janti mai rami huɗu ne zai zauna a kan kowace mota mai bulon huɗu ba.

Baba Sanda da abu uku yake auna ƙafa: kwali, kara da igiya. Kwali zai manna a jikin gindin ƙafar motar, ya bubbuga da guduma har bulon su bar shaida, ya huda, sannan ya ɗora a kan sabon janti. In ramukan sun kauce ko da kaurin farce ne, zai jefar da jantin gefe. Ya ce za ka iya tilasta shi ya shiga, zai kuma ɗauru, amma wata rana zai karya bulon ya wuce motar a guje. Kara zai gitta a bakin janti ta ciki, ya auna zurfinsa da tsinke, don ya san ko ƙafar za ta shige ciki ta goga ƙarfe, ko za ta leƙo waje. Igiya kuwa zai zagaya pine da ita, na gaba da na baya, ya ga tsayinsu ya zo ɗaya ko da faɗinsu ya bambanta. Waɗannan uku na koye su har ina yi ido rufe.

Akwai abu na huɗu da yake yi. In ya gama ɗaura wa ƙaramar mota ƙafa, sai ya kira masu zaman shayi na bakin tasha ya ce su shiga. Su cika gaba, su cika baya, shi kuma ya hau kan kofur, wato wurin kaya na bayan mota, ya zauna, ya yi ta girgiza motar kamar mai hawan raƙumi. Sannan ya sauko ya tsuguna gefen ƙafar baya ya ɗan duba, ya tashi ya karkaɗe riga. Ni na ɗauka iska yake dubawa, ko ta isa ɗaukar kaya. Shekara tara ina tare da shi ban taɓa tambaya ba.

Sannan babban fari ya zo. Ruwa bai sauka ba sai ɗigo biyu ko uku. Makiyaya suka fara shigowa gari, da farko da dabbobi suna neman mai saye, daga baya da sanduna kawai. Suka kafa bukkoki na tsumma da kwali a bayan gari har ido ba ya ganin ƙarshensu. An rufe iyakar kudu, pine ya daina zuwa. Sojoji suka karɓi rabon hatsi a hannunsu, duk motar gwamnati mai ƙarfi aka tura ta dakon buhu. Wata safiya wani saje ya zo da takarda da mutum biyu, suka bi rumfa rumfa suka kwashe duk pine na kamiyo da ke da sauran rai. Ba mai musu a lokacin. An rufe wani mai gyaran birki kwana da kwanaki don motar hatsi ta lalace kwana biyu bayan ta bar hannunsa. Mutane suka koyi magana ƙasa ƙasa.

Cikin wannan hali aka aiko wa Baba Sanda cewa gidansu a Damargu ya watse, ƙannensa sun tafi sun bar tsofaffi. Ya ɗaure ƴan kayansa, ya miƙa mini kile mai baki huɗu ya ce, "Riƙe rumfa." Ya hau kamiyo. Ban sake ganinsa ba.

Wata biyu bayan tafiyarsa Majo Abdu ya kawo motarsa. Majo ba soja ba ne, haka muke kiran babban malamin asibiti. Mutumin tsohon gari ne, siriri, mai tabarau, ba ya son dogon zance. Motar ƙarama ce mai ƙofa huɗu, fara, ya saye ta a hannun wani Banasare. Ta iso da rairayi cike da cikinta, igiyar da aka jawo ta da ita tana rataye a gaba.

Ya ce, "Malam Illa, akwai mutane bayan Ingal, a bakin rijiyoyi. Ba su da ƙarfin tahowa. Motar asibiti tana dakon hatsi. An ba ni takardar fita da tawa, amma sau biyu ina kafewa kafin in kai. Jiya raƙuma suka fiddo ni."

Na ce, "Majo, wannan motar gari ce."

Ya ce, "Na sani. Ita gare ni. Mi za a iya yi mata?"

Na kai shi bayan rumfa na ɗaga zana. Akwai janti huɗu masu faɗi da pine ɗinsu, waɗanda Baba Sanda ya cire daga motar wani Banasare da injinta ya mutu a nan. Ba na kamfanin motar ba ne, mutumin ya sayo su ne daban don hamada. Saje bai taɓa su ba, don sun yi wa kamiyo ƙanƙanta. Majo ya shafa ɗaya da hannu ya ce, "Bon. Ɗaura mata duka huɗun."

Na ce a'a, biyu zan ɗaura, a baya. Ya tambayi dalili, na ce ya tsaya ya gani. Na ɗaga gaban motar, na ɗaura mai faɗi guda, na ce ya shiga ya murɗa sitiyari har ƙarshe. Bai kai ƙarshe ba pine ya daki ƙarfe ya tsaya. Na gaya masa ƙafar gaba aikinta juyawa, tana son fili, in ta yi faɗi za ta ci jikin motar, sitiyarin kuma zai yi masa nauyi har ya kasa kauce wa rami. Motarsa da baya take turawa. Ƙafar da ke turawa ita ke tona rairayi ta binne kanta, ita ke son faɗi don ta taka sama sama. Ya gyaɗa kai ya ce in yi yadda na sani.

Na yini a kan ƙafafu biyun nan. Na buga kwali, ramukan suka hau daidai, ramin tsakiya ma ya zauna cif ba wasa. Na gitta kara na auna zurfi: sabon jantin zai leƙo waje da kamar kaurin yatsa biyu fiye da na asali. Na zagaya igiya, na baya ya fi na gaba da abin da bai kai gaɓar yatsa ba, wannan ba komi. Na ɗaura, na ɗaure bulon ɗaya na tsallaka zuwa na gabansa, na sauke kirik. Sannan na sa hannu tsakanin saman pine da bakin ale, wato ƙarfen jikin mota da ya lanƙwaso a kan ƙafa. Yatsa huɗu suka shige da sauran wuri. Na ce aiki ya yi.

Na yi masa gargaɗi biyu. Na ce ƙafar sukur, wato ta ajiya da ke cikin kofur, siririya ce, za ta hau gaba ta hau baya, amma mai faɗi ba za ta taɓa hawa gaba ba, kar wani ya juya masa su. Na ce in ya shiga rairayi ya rage iska, in ya fito kan tsakuwa ya mayar. Na ba shi aron ƙaramin famfo. Masu shayi suna nan zaune a bakin tasha, taku ashirin daga inda nake. Ban kira su ba. Na ga iska ta isa, na ga ba sai an wahalar da mutane da yunwa a cikinsu ba.

Sau uku Majo yana zuwa yana dawowa lafiya. Kowane zuwa yakan kai magani da ruwa, ya dawo da mutum biyu ko uku waɗanda suka fi jin jiki. Ya tsaya bakin rumfa a dawowa ta uku, bai fito ba, ya ɗaga mini hannu ta taga ya ce, "Ba ta kafe ko sau ɗaya ba." Labari ya bazu, har wasu ƴan kasuwa suka zo neman sauran janti biyun. Na ce ba na sayarwa ba ne.

Tafiya ta huɗu ya fita ranar Talata da safe. Laraba bai dawo ba. Alhamis da hantsi wani kamiyon soja ya tsaya gaban rumfa, farar motar tana ɗaure a bayansa, gindinta a ƙasa. Sojoji suka kwance ta suka tafi. Bayan azahar Majo ya zo a ƙafa. Leɓɓansa sun tsattsage. Ya buɗe kofur, ya fiddo pine guda ya jefa gabana, ya nuna ɗayan da ke jikin motar.

Ya ce, "Karanta mini waɗannan."

Na tsuguna. Ba ƙaya ba ce, ba dutse ba. A gefen pine ta waje, kusa da kafaɗa, akwai layi guda da ya zagaye shi kaf, kamar an bi shi da wuƙa a hankali. A wuri ɗaya layin ya yi zurfi ya buɗe, tsawon tafin hannu. Na koma ɗaya gefen, layi ɗaya, wuri ɗaya. Na sa hannu cikin ale na shafa bakinsa. Fenti ya goge, ƙarfen ya yi haske ya yi kaifi, baƙar roba ta manne masa.

Na ce, "Mutum nawa ka ɗauko?"

Ya ce, "Tara. Da ruwa, da ƴan kayansu."

A nan na gane abin da Baba Sanda yake dubawa in ya sauko daga kan kofur. Ba iska ba ce. Na auna motar wayam, babu kowa a ciki. Da aka loda ta, gindinta ya sauka, yatsa huɗun nan suka tafi, ƙafar da ta leƙo waje ta zo daidai ƙarƙashin bakin ale. Duk ramin da motar ta faɗa, ƙarfen sai ya sauko ya ɗan yanka.

Majo ya zauna kan tsohon pine ya ba ni labarin. Ya ce ya tarar da rijiyar ta ƙafe, mutanen wurin za su watse, wanda ya bari ba zai sake samunsa ba, shi ya sa ya ɗebi duk wanda mota za ta ɗauka. Cikinsu akwai wani Bafillace mai suna Juli da matarsa, wadda ta haihu kwana biyu kafin nan, jini bai tsaya ba. Ya yi mata abin da zai iya, ya ga sai an kai ta asibiti. A hanya yana jin wani ƙara a baya in sun faɗa rami, ya ɗauka tsakuwa ce. Wajen hantsi ƙafar dama ta fashe. Ya sa sukur, suka ci gaba. Ba su yi nisa ba ta hagu ta fashe. Babu wata sukur. Ya gwada tafiya a kan janti, mota ta nutse. Suka shimfiɗa zane a jikin motar suka yi inuwa, suna jira. Matar ta rasu da la'asar. Kamiyon hatsi ya same su kafin rana ta faɗi. Jaririn yana raye, wata tsohuwa cikin waɗanda aka ɗauko ta riƙe shi.

Na ce, "Da kun iso da azahar, da ta rayu?"

Ya ce, "Ban sani ba. Wataƙila. Ban sani ba."

Na gaya masa abin da na yi da abin da ban yi ba, tun daga kwali har masu shayin da ban kira ba. Ya saurara har na gama. Ya ce da safe an kira shi biro, ofishin soja, wani kaftin ya tambaye shi yadda aka yi motar da aka ba takarda ta dawo da gawa. Ya ce musu pine biyu ne suka fashe a hanya.

Na ce, "Ba su tambayi wanda ya ɗaura ba?"

Ya ce, "Sun tambaya. Na ce musu da ƙafafun nan motar ta zo tun asali."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya ce, "Ba don kai na yi ba. In aka rufe ka, wa zai ɗaura mini wasu? Kana da sauran biyu. Asabar nake son fita."

Juma'a gaba ɗaya a ƙarƙashin motar na yi ta, salla kaɗai ta tashe ni. Na cire ƙafafun baya. Na bi bakin ale da guduma kaɗan kaɗan, ina naɗe shi ciki har ya kwanta lumui, inda ya ƙi na yanke na goge da dutse har ba abin da zai kama zare. Na samo ganyen rasor biyu daga wata matacciyar mota a bayan tasha, na ƙara wa kowane gefe ɗaya don gindin ya daina sauka da yawa. Na ɗaura sauran masu faɗi biyun. Tsofaffin ƙafafunta sirara biyu da na cire tun farko na yi musu faci, na ɗaure su a kan rufi, don ya zama sukur uku gare shi.

Asabar da safe Majo ya zo, wani mutum yana biye da shi. Dogo ne, ƙasusuwan fuskarsa a waje, sanda a kafaɗa, ƙafafunsa ba takalmi. Majo ya ce, "Wannan ne Juli. Ya san inda sauran mutanen suka nufa, shi zai nuna mini hanya."

Na gaishe shi, na yi masa ta'aziyya. Ya amsa. Na ce masa, "Ni na ɗaura ƙafafun da suka fashe. Akwai abin da ya kamata in duba ban duba ba."

Hausarsa ba ta da yawa, Majo ya maimaita masa a hankali. Ya dube ni, ya dubi motar. Sannan ya ce, "Yanzu ka duba?"

Na ce yanzu zan duba, a gabansa.

Na tafi bakin tasha na kira masu shayi da ƴan dako. Na cika buhuna da rairayi. Na fara cewa su shiga yadda suka ga dama, sai Juli ya ɗaga hannu. Ya zo ya tsaya bakin ƙofa ya fara nuna wa kowa wurinsa. Biyu a gaba kusa da direba, ya ce nan shi da tsohuwar suka zauna ranar. Wannan a nan, wannan a kan ƙafar wannan. Ya ce a kofur akwai bido uku, wato jarkoki, na ruwa, da turmi, da buhun tabarmi da tukwane, yara biyu kuma a kai. Muka zuba buhunan rairayi har ya ce ya isa. Motar tana sauka a hankali, ina kallon ƙafar baya.

Saura wuri ɗaya a kujerar baya, gefen dama, jikin ƙofa. Wani ɗan dako ƙaƙƙarfa ya sa ƙafa zai shiga, Juli ya tare shi da sanda. Ya nuna wani buhu da na cika. Na ɗauko. Ya kwance bakinsa, ya zubar da rairayi a ƙasa har ya koma rabi, ya ɗaure, ya ɗauka da hannu biyu ya ajiye a wurin.

Ya ce, "Matata ba ta fi haka ba."

Na hau kan kofur na girgiza ta da duk ƙarfina, na sa mutum biyu suka taya ni, har rasor yana kuka. Na sauko na tsuguna na sa hannu. Yatsa uku a dama, uku a hagu. Na shafa alli a kafaɗar pine duka biyu, na ce Majo ya ja ta da lodinta ya bi ta kwarin bayan tasha inda ramuka suka fi muni, ya dawo. Ya je ya dawo. Alli yana nan, ba abin da ya taɓa shi.

Juli ya tsuguna kusa da ni. Ya sa nasa hannun ƙarƙashin ale, ya shafa bakin ƙarfen tun daga gaba har baya, ya zagaya ɗaya gefen ya yi haka. Ya tashi ya goge hannunsa a riga.

Mutane suka fito, muka sauke buhuna. Rabin buhun shi ya ɗauke shi da kansa, ya kai gindin rumfa ya juye. Majo ya loda magani da ruwa, ya tada mota. Juli ya sa sandarsa ta taga, ya shiga gaba ya zauna. Kafin su tashi ya leƙo ya ce da ni, "Akwai sauran mutane can da yawa."

Suka kama hanyar Ingal. Motar ta yi wannan zirga-zirga har ruwa ya sauka a shekarar da ta biyo, kuma duk dawowa sai Majo ya tsaya bakin rumfa in sa hannu in duba kafin ya wuce asibiti, sai in akwai wanda ba zai iya jira ba a kujerar baya.